Ranar da 'Yar Dako Ta Sauke Kaya

Talata ce, ruwa ya kwana yana zuba a Ikko,
kasuwar Mil Tuwel ta koma kunun taɓo.
Ina gindin tirelar da ta iso da asuba,
ina ƙirga buhunan albasa ɗaya bayan ɗaya.

A na arba'in da bakwai lissafi ya tsinke.
Wani ya aza mini dutsen niƙa a ƙirji,
bai yi sallama ba, bai nemi izini ba.
Zafi ya bi hannun hagu, ya haura har wuya.

Na ce ƙwannafi ne, ƙosan safe ne,
Tanimu, jiƙo mini kanwa.
Iya Risika mai tattasai ta dubi gumin goshina,
ta yar da kwando, ta kurma ihu da Yarbanci.
Shekara ashirin ina ciniki da yaren nan,
ran nan na ji shi da muryar mahaifiya.

Direban danfo ya sauke fasinjojinsa,
aka shimfiɗe ni a bencin katako.
Gosulo ya riƙe mu a Ojota,
kwandasta ya dira yana dukan motocin mutane,
da zagi da magiya yana saya mini hanya.

Ina kwance ina kallon tsatsar rufin mota.
Ba garinmu na tuna ba, ba yarana ba,
kuɗin Alhaji Barau na tuna,
dubu ɗari uku da ban rubuta a ko'ina ba.
Daga baya na kamo shahada, cike da kunya.

A Ikeja likita Adebimpe ta ce jijiya ce ta toshe,
kamar kwatar layinmu in an cika ta da leda.
Ta wuyan hannu suka zura siririyar waya,
suka yashe, suka kafa tokara,
na farka da ƙishirwa kamar zan shanye rijiya.

Ke 'yar dako,
shekara hamsin da huɗu kina ɗauke da ni.
Ni da ba na barin ɗan dako ya kai azahar ban sallame shi ba,
ke ko sannu ban taɓa ce miki ba.
Na loda miki kitsen tsire da gishiri,
da bashi, da fushi, da barcin awa uku a kan buhu,
kin yi shiru, har ran da kika dire kaya.

Yanzu Saude ta ɓoye gishiri inda ban sani ba.
Miya lami, nama kamar na roƙo.
Ƙwayoyi biyar da safe, biyu bayan isha,
ƙaramar 'yata ke ƙirga su a tafin hannuna,
tana harara ta in na ce na sha jiya.

Satin farko, daga gado zuwa ƙofa.
Na uku, masallacin bakin layi, ina sallah a zaune.
Wata na huɗu na tunkari gadar ƙafa ta kasuwa,
na tsaya sau biyu a matakala,
masu sauri suna ture ni, ban ji haushi ba.
Daga sama na ga Legas tana gudu ba ni a ciki,
kuma ba abin da ya faɗi a duniya.

Na biya Barau, na sa an rubuta.
Tanimu ke ƙirga buhu yanzu,
yakan yi kuskure, nakan gani, nakan kau da kai.
Iya Risika ta ƙi karɓar komai,
sai rabin buhu da na sa aka ajiye mata ta baya.

Da dare in an ɗauke wuta,
janaretocin unguwa sun gaji sun yi shiru,
nakan ɗora tafi a ƙirji in saurara.
Tana nan, ba takalmi, tana takawa a hankali,
ta sake ɗaukar kayan, ba ta ce komai ba.
Sai in ce, sannu da aiki.
In kin gaji ki faɗa mini, mu zauna,
ba inda za mu da ya fi ƙarfin tafiya.